Tara ko ɗauri: talauci ne ke tsawaita zaman kurkuku

Tambaya: Malam lauya, ƙanena ya yi wata takwas a gidan gyaran hali yana jiran shari'a kan satar waya. Yanzu majistare ya yanke masa ɗaurin shekara ɗaya ko biyan tara, tare da biyan diyya. Ba mu da kuɗin. Me za mu yi? Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Malama, ki fara zuwa rajistaran kotun ki nemi kwafin hukuncin mai hatimi, ki duba ko an lissafa masa wata takwas ɗin nan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ce a lissafa zaman jiran shari'a cikin hukunci. Ta tarayya ce, amma jihohi sun yi irin tasu, sai lauya ya duba abin da ta Gombe ta tanada. Idan an tsallake lissafin, akwai dalilin ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotun jiha, galibi cikin kwana 30.

Inda iyalai ke tuntuɓe shi ne haɗa tara da diyya. Tara ta gwamnati ce, diyya ta mai wayar ce, kuma biyan ɗaya ba ya sauke ɗayar. A biya tara a rajistara, a karɓi rasit, kotu ta rubuta takardar saki. Kada a danƙa wa ɗan kamasho ko sisi. Diyya kuwa, dattawa su samu mai wayar. In ya yafe ko ya yarda a biya kaɗan-kaɗan, ya zo ya faɗa a gaban alƙali.

In babu kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba Da Tallafin Shari'a, kyauta take yi.

A ganina tsarin nan bai yi adalci ba. Mutum biyu, laifi ɗaya: mai kuɗi ya kwana gida, talaka ya kwana kurkuku. A Nuwamban 2023 sai da Ma'aikatar Cikin Gida ta tara naira miliyan 585 aka saki mutum 4,068 da tara ko diyya ke riƙe da su. Alhali dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi aikin al'umma maimakon ɗauri, sai dai ba kasafai ake yanke shi ba. Lauyanku ya roƙi a ba ƙanen naki wannan.