Shafin Makaniki: Motata ƙarama ce amma shan man da take yi ya ishe ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Oga, sannu da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da Corolla ƙirar 2006 otomatik 'yar Kwatano, na saye ta ne saboda an ce ba ta shan mai amma wallahi yanzu abin ya ishe ni, da in na sa na dubu goma sai in yi kwana huɗu ina zirga-zirgata, yanzu kwana biyu allura ta kwanta. An canza filogi an wanke nozul duk ba ta canza zani ba, yanzu kuma makanikina ya ce sai an sayi sabon famfon mai. Wutar cek injin tana kunne ya ce in rabu da ita ba komai ba ne, tun bara ma da ta taɓa yin zafi a hanyar Kaduna ya cire tamostat ya mayar da fanka dairek. Don Allah a ba ni shawara kafin in sake kashe wani kuɗin.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, amin na gode. Ka riƙe kuɗin famfon nan tukuna kar ka saya. Famfon mai in ya gaji kasa turo man yake yi, sai mota ta riƙa shaƙewa in ka taka totur ko a wurin hawa, ko ta yi ta gardamar tashi, ba kasafai yake sa mota zuƙar mai ba.

Kafin mu taɓa komai sai mun san nawa take sha, don kwana ba ma'auni ba ne, kuɗi ma haka. Kafin 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafi lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2024 ta haura dubu, daga nan kuma yau ta sauka gobe ta hau, toh ka ga na dubu goman watan jiya ba shi ne na dubu goman yau ba. Ka daure sau ɗaya ka cika tanki har bakin famfo ya tsaya da kansa, kar ka bari yaron gidan mai ya yi ta ɗurawa yana jijjiga motar, ka mayar da ƙaramar mitar nan ta tafiya sifili, ka yi harkokinka yadda ka saba, in ta yi ƙasa ka koma gidan man nan dai, in da hali ma famfon nan dai, ka sake cikawa ka rubuta lita nawa ta ɗauka. Sai ka raba kilomitar da ka yi da litar. Misali ka yi kilomita 300 ta ɗauki lita 30, tana ba ka 10 ke nan a kowace lita. Ka lura kuma in motar daga Amurka aka shigo da ita mil take ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka raba, mutane da yawa a nan suke tsorata kansu a banza. Irin taka mai injin 1.8 in lafiyarta ƙalau, a cikin gari kilomita 10 zuwa 11 a lita ba laifi, a doguwar hanya 14 ko 15. In ka ga 6 ko 7 toh lalle akwai magana. Allurar geji kuwa kar ka yarda da ita ɗari bisa ɗari, rabin sama yakan jima bai motsa ba rabin ƙasa kuma ya zube da sauri. Akwai kuma gidajen man da litarsu ba ta cika, wannan jarka mai lita 10 ce ke tona musu asiri.

Amma gaskiya ni tun da ka ambaci tamostat da fanka dairek hankalina ya tsaya a can. Injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90, aikin tamostat shi ne ya tsare ruwa kar ya zagaya lagireto sai injin ya kai wannan zafin, sannan ya buɗe. Akwai sensa da ke gaya wa burenbos, wato kwamfutar motar, zafin ruwan, muddin ta ce da sanyi burenbos zai ci gaba da ƙara mai fiye da ƙima don a ganinsa yanzu aka tayar da motar. Da aka cire tamostat ruwa na zagayawa ba tsayawa, fanka kuma tana hurawa tun daga murɗa makulli, sai ya zama kamar mai shayi yana ta hura wuta wani yana tsaye yana ƙara masa ruwan randa a buta, gawayi ne zai ƙare shayi bai tafasa ba. Da rana tsaka a gosulo a watan Afrilu injin zai ɗan kama zafi duk da haka, shi ya sa wasu suke cewa ai su ba su ga bambanci ba, amma da safe, da lokacin hunturu irin na Zariya, da kan babbar hanya inda iska ke dukan lagireto, a sanyaye yake tafiya. Gobe ka kalli allurar zafi bayan tafiyar minti goma sha biyar, ya kamata ta zo kusa da tsakiya ta zauna, in tana maƙale a ƙasa wajen C ka ga shaida da idonka.

Na san abin da makanikinka zai ce, wai tamostat na ƙasar sanyi ne. Haba dai. Corollar da ake sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinta take zuwa, kuma ba su fi mu sanyi ba. Abin da ya sa ta yi zafi a hanyar Kaduna yana nan ba a gyara ba, rufe shi kawai aka yi, ko lagireto ya toshe saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa maimakon kulan, wato ruwan da aka yi musamman don sanyaya inji, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa (wata fam), ko rilen fanka, ko kuma tamostat ɗin ne ya maƙale a rufe wanda maganinsa a sa sabo. A nemo wannan a gyara, a sa tamostat mai kyau, rewaya ya mayar da fanka ta riƙa tashi da kanta in zafi ya kai.

Sai wutar cek injin da aka ce ka rabu da ita. Motar ce ke faɗa maka ciwonta ai. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ka je wurin mai sikanin ya jona, kuɗinsa bai kama ƙafar na famfon da za ka saya ba. Ka sa ya rubuta maka lambobin a takarda kafin ya goge, don wasu gogewa kawai suke yi wuta ta mutu ka biya ka tafi, jibi ta dawo. P0172 na nufin mai ya yi yawa a haɗin, P0171 iska ta yi yawa ko tana shiga ta wani tsagin, P0128 injin ba ya kai zafinsa, P0420 kuma maganar indomi ce, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 mai kashi 1, mai kula da wannan lissafin ita ce oksijin sensa da ke jikin salansa kusa da injin, in ta mutu ko ta yi nauyi burenbos sai ya koma ƙiyasi, shi kuma ƙiyasinsa ɓangaren ƙarin mai yake karkata. Da safe kafin ka tayar ka zura yatsa cikin bakin salansa ka shafo, ɗan duhu ba komai, amma in ya fito baƙi ƙirin da gari busasshe mai kauri, ga warin ɗanyen fetur in tana sulo, wato tana kunne a tsaye, toh mai take zubarwa. Sabbin filogin da aka sa ma a kwance ɗaya a gani, in har sun yi baƙi cikin 'yan makonnin nan ka ga tun farko ba su ne masu laifin ba. Kuma irin motarka filogin iridiyom take so, Denso ko NGK, jabunsu kuwa sun cika kasuwa a kwali mai kyau.

Akwai wata sensar a bayan iya kilina (matatar iska) mai auna iskar da ke shiga, ƙurar hunturu na rufe siririn wayar da ke cikinta, ana fesa mata maganin wankinta ne a bar ta ta bushe, ban da fetur ban da taɓawa da hannu. Indomi kuma a leƙa a ga yana nan ko an yi gaba da shi a wani garejin, don ana sace shi saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, in kuma ya toshe mota ba ta da ƙarfi sai ka yi ta danna totur. Baƙin mai ka duba murfin wurin zuba shi a injin, 5W-30 za ka gani a rubuce, 20W-50 da ake zuba wa kowace mota ya yi mata kauri sai dai in injin ya tsufa yana shan baƙin mai, wannan wata maganar ce daban. In ka dawo daga tafiya ka kai bayan hannu kusa da kowane rim a hankali, wanda ya fi sauran zafi sosai birkinsa na maƙalewa yana riƙe motar. Ka fara da sikanin da tamostat, ka sake awon tanki, sannan ka rubuto mana lambobin da ka samu.

TAMBAYA: Salam. Ni Picanto gare ni a Katsina, ba inda nake zuwa sai kai yara makaranta da ɗauko su da kasuwa, duka bai fi kilomita uku ba, amma mai ba ya jimawa. Maigida ya ce esi ne in daina kunnawa, ni kuma zafin nan ba zan iya ba. Kullum ina mata wamin na minti goma sha biyar da safe yadda aka koya min.

AMSA: Hajiya maigida yana da gaskiya amma ba duka ba. Esi yana ƙara shan mai, kuma a ƙaramin injin irin na Picanto an fi jin nauyinsa musamman a cikin gari, sai dai ni ba zan ce ki kashe shi a Katsina da zafi ke wuce digiri 40 da yara a mota ba. In ta sha rana ki sauke gilasai ki fara tafiya zafin ya fice sannan ki rufe ki kunna, ki danna maɓallin da ke juya iskar ciki.

Wamin ɗin nan ne zan ce ki bari. Motocin kafireta na da ne suke buƙatarsa, taki minti ɗaya ya isa ki ja a hankali. Mota a tsaye da esi tana iya shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa ba ta je ko'ina ba, ki haɗa minti goma sha biyar na safe da zaman jiran tashin yara a ƙofar makaranta injin na kunne, ki lissafa na wata guda ki gani. Sannan gajeruwar tafiya ita ce mafi cin mai a kowace mota, kafin injin ya gama ɗaukar zafi kin isa kin kashe, saboda haka in da hali ki haɗa kasuwa da ɗauko yara a fita ɗaya. Tayoyi kuma a auna su da safe kafin su yi zafi, adadin iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba in kin buɗe, yawanci 30 zuwa 33 ne a ƙananan motoci. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya, amma kar ki bar mai faci ya ɗura 45 ko 50 wai don ta yi sauƙin mai, tsakiyar tayar zai cinye, birki ya rage kamu. Lambar da ke jikin tayar iyakar abin da za ta iya ɗauka ce.

TAMBAYA: Oga ina jan Golf 3 haya Kano zuwa Kaduna. Sa mota a firi a gangara yana rage mai? Kuma akwai wata ƙwaya da ake tallarta a tasha wai a jefa a tanki mai ya ninka.

AMSA: Direba in Golf ɗinka tana nan da injektarta ba a mayar da ita kafireta ba, firi asara ce. In tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur burenbos yanke man yake yi gaba ɗaya tayoyi su riƙa juya injin, in ka sa firi kuwa dole ya ba ta man sulo don kar ta mutu, ga shi ka bar wa birki kaɗai nauyin mota da fasinja da lodi. Masu kashe injin ɗungurungum a gangara kuma da ran mutane suke wasa, don birki tauri yake yi bayan taku ɗaya ko biyu.

Ƙwaya ka bar wa mai ita. Da akwai abin da ke ninka mai da kamfanonin mota sun riga ɗan tasha saka shi. Inda manka ke tafiya shi ne gudu da kaya, ƙarfin iskar da ke tare mota a gudun kilomita 120 ya ninka na 85 sau biyu, ga but a buɗe an ɗaure buhuna sun yi tsiri a baya. Ka gwada zuwa ɗaya ka tsaya tsakanin 90 da 100, ka cika tanki a Kano ka sake cikawa in ka dawo, ka kwatanta da litar da ka saba sha.