Zazzaɓin jariri ɗan wata biyu a Amurka

'Yar'uwa, kin tambaya ko ƙaramin asibitin gaggawa na unguwa zai wadatar da jaririnki ɗan wata biyu mai zafin jiki digiri 38. A'a, ki kai shi sashen gaggawa na babban asibiti yanzu, kuma kada ki ba shi maganin zazzaɓi sai likita ya gan shi.

Jaririn da bai kai wata uku ba sai an gwada jininsa da fitsarinsa, wani lokaci har a ɗebi ruwan ƙashin bayansa don gudun sanƙarau. Yawancin ƙananan asibitocin nan ba su da kayan wannan aikin, can ɗin za su sake tura ki. Rashin inshora kada ya tsayar da ke, dokar 1986 ta hana sashen gaggawa korar maras lafiya saboda kuɗi.