Ku Tambaya Mu Amsa: Taswirar Duniyar Ƙage da Halittun da Ke Cikinta

Wasiƙun wannan fitowa daga masu ƙaga labari suka zo, waɗanda suke gina duniyarsu tun daga tushe, da ƙasarta da tekunta da mazaunanta. Mun taƙaita tambayoyin saboda fili.

Assalamu alaikum. Na zana taswirar masarautun labarina, ina so ta fito kamar an tono ta a tsohon kundi, amma sai ta fito kamar ta littafin makaranta. Ina na kuskure? Daga wata marubuciya.

Wa alaikumus salam, Malama. Taswira ɗaya kika zana, alhali biyu ake bukata. Ta farko taki ce ke kaɗai, ita ce ta gaskiya, mai ma'auni daidai, kuma ba za ta shiga littafi ba. Ta biyu wani mutum ne daga cikin duniyar ya zana ta, da iyakar saninsa da son ransa. Kafin ki ɗauki fensir ki yanke shawara kan abu uku: wa ya zana ta, wa ya biya shi, kuma me mai biyan yake nema.

Tsofaffin taswirori kowace tana ɗauke da amsarta. Al-Idrisi ya kammala tasa a 1154 domin Sarki Roja na Biyu na Sisili. Ya raba duniyar da aka sani yanki 7, kowane yanki ya yanka shi gida 10, shafi 70 ke nan, kuma kudu ya sa a sama. Taswirar Hereford ta Ingila, wadda aka zana a kan fatar maraƙi wajen 1300, gabas ta ɗora a sama, Birnin Ƙudus a tsakiya, don wa'azi aka yi ta, ba wanda zai kama hanya da ita. Akwai ta hanyoyin Rumawa da ake kira Peutinger: tsawonta ya kusa mita 7, faɗinta kuwa santimita 34 kacal. An matse tekuna sun koma kamar magudanar ruwa, domin mai ita zango da nisan tsakanin zango kawai suka dame shi. Matuƙan jiragen Bahar Rum kuma gaɓar teku suka ƙware a kai. Sunayen tashoshi a jere suke bin gaɓa kamar haƙoran mataji, manyan da jar tawada, cikin ƙasa kuwa kusan fayau.

Ga yadda za ki yi. Ki shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan taswirarki ta gaskiya, ki sa ɗigo a garin mai zanen. Duk abin da ke cikin tafiyar kwana goma daga nan ki kwafe shi yadda yake, har ma ki ɗan kumbura shi. Daga kwana goma zuwa wata biyu ki bar sunaye da jerinsu daidai, amma ki karkatar da siffa. Abin da ya wuce nan ji-ta-ji-ta ce: tsibiri ya manne da ƙasa, koguna biyu su zama ɗaya, gari ɗaya ya fito sau biyu da suna daban saboda matafiya biyu ne suka kawo labarinsa.

Kuskuren ma yana da alƙibla. Mutanen zamanin da suna gane nisan kudu da arewa ta tsayin rana da taurari, amma gabas da yamma sai da agogo mai kyau, domin duniya tana juya digiri ɗaya ne a minti 4. Agogon da ya yi kuskuren minti 4 ya ɓatar da kai kilomita 111 a kan layin da ya raba duniya kudu da arewa. Ba a shawo kan wannan a teku ba sai a ƙarni na 18. Saboda haka ki ja ƙasashenki ta gefe, ki bar tsayinsu. Kuma ki dasa ƙarya guda ɗaya mai tsawon rai. A 1798 James Rennell ya zana Tsaunukan Kong sun ratsa Afirka ta Yamma, masu zane suka yi ta kwafa daga juna kusan shekara 90, sai da Bafaranshe Binger ya taka wurin tsakanin 1887 da 1889 ya tarar babu su. Irin wannan ƙarya kaɗai ta isa ta haifi babi guda.

Abokina ya ce kogunan taswirata ba za su yiwu ba. Ai duniyata ce, ko ba haka ba?

Taka ce, ɗan'uwa, amma muddin ruwa yana gangara a cikinta abokinka ya fi ka gaskiya. Tsaunuka ake fara zanawa, a jere kamar ƙashin baya, sannan koguna. Ƙananan rafuka haɗuwa suke yi su zama babba yayin da suke sauka. Kogi bai cika rabuwa biyu ba sai dab da bakin teku, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai laka, kuma ba ya tashi daga wannan teku ya faɗa wancan. Tafki yawanci mafita ɗaya gare shi, idan kuwa babu mafita sau da yawa ruwansa gishiri yake yi. Gefen tsauni da iskar teku ke bugawa shi ke shan ruwan sama, bayansa ya bushe, can za ka ajiye hamadarka. Kowane hawan mita 1,000 zafi yana sauka da kimanin digiri 6 da rabi.

Ma'auninka kuma ka yi shi da kwanaki. Mai ƙafa yana cin kilomita 25 zuwa 30 a yini, runduna da kayanta 15 zuwa 20, jirgin ruwa mai tafiya da iska ya haura 100. Idan daularka ta kai kilomita 3,000 kuma saƙon sarki yana isa iyaka cikin mako guda, to ka bayyana mana da me.

Ina da jinsi biyu masu hankali: Samudawa da suka ninka mutum uku a tsayi, da wasu masu fukafukai. Ta yaya zan sa mai karatu ya yarda da su?

Fara da lissafi, Malam. Idan ka ninka tsayi uku ba ka canja siffa ba, nauyi yana ninkuwa 27, kaurin ƙashi kuwa 9 kawai. Mutum mai kilo 70 ya koma kilo 1,890, kuma kowane ɓangaren ƙashinsa yana ɗaukar ninki uku na abin da ya saba. Dole Basamuden nan ya yi ƙafafu kamar turmi, tafiyarsa a hankali, ba tsalle, faɗuwa ɗaya tana iya kashe shi. Cinsa zai kai na mutum 12. To ka ga garinsu ba zai tara jama'a ba, ba za su yi bene ba, gadar mutane ba za ta ɗauke su ba, fadama kuma katanga ce a wurinsu. Iyakar ƙasarsu a taswira ta bi ƙasa mai tauri.

Masu fukafukai sun fi wuya. Tsuntsaye mafiya nauyi da ke tashi a yau ba su cika kai kilo 20 ba. Ko dai ka ƙanƙanta su, ko ka kauraro iskar duniyar, ko ka bar su suna sulalowa daga kan duwatsu maimakon tashi daga ƙasa. Sannan fiffike hannu ne da aka sadaukar. In ba ka ba su gaɓoɓi shida ba, da baki da ƙafa za su yi sana'a, kamar yadda wani hankaka na tsibirin Sabuwar Kaledoniya yake lanƙwasa tsinke ya zaƙulo tsutsa. Ƙwaƙwalwa ma tsada gare ta: ta mutum kashi 2 cikin 100 ce ta nauyin jiki, amma tana cin kusan kashi 20 na ƙarfinsa. Tashi da tunani duk a ciki ɗaya za su ci.

Inda aka fi yin tuntuɓe ba a jiki ba ne. Marubuci ya kan ba jinsi guda hali ɗaya, harshe ɗaya, sarki ɗaya, kamar duk uwa ɗaya ta haife su. Ka ba kowane jinsi aƙalla al'umma uku da ba sa ga maciji da juna, sa'an nan ka tambayi kanka shekara nawa suke yi a duniya. Masu kai shekara 500 harshensu ba ya saurin sauyawa, kuma rikicin iyaka na ƙarni uku da suka wuce akwai shaidun gani da ido a raye. Masu zanen zamanin da sukan cika gefen taswira da masu kan kare da marasa kai masu fuska a ƙirji. Haka mutanen labarinka za su zana waɗannan jinsuna tun ba su gan su ba, kuma ya kamata zanen ya saɓa da abin da mai karatu zai tarar.

Halittuna a ƙarƙashin teku suke, ba sa gani sosai. Za su yi taswira kuwa?

Za su yi, sai dai ba ta takarda ba. Matuƙan Tsibiran Marshal da ke tekun Fasifik sukan ɗaure tsinkaye su nuna yadda igiyar ruwa ke lanƙwasa, ƙananan kwanson teku su tsaya a matsayin tsibirai. A gabashin Girinlan an sassaƙa gaɓar teku a jikin guntun itace, yadda yatsa zai bi lunguna. Naki, Malama, su kama wannan hanya: igiya mai ƙulli, kowane ƙulli mahaɗar ruwa ce, kaurinsa ƙarfin ruwan. Zurfi zai fi musu muhimmanci a kan arewa, domin kowane nutson mita 10 yana ƙara matsi kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu, kuma bayan mita 200 haske ya kusa ƙarewa. Ƙasashensu hawa-hawa za su kasance, wata a kan wata, tudu kuwa shi ne farin wurin da suke cikawa da dodanni.

Ki tuna babu wuta a ruwa, don haka babu ƙira. Ƙarfe sai ta hanyar ciniki da mutanen tudu ko daga jiragen da suka nitse. Ki kuma ba su tsawon rai da renon 'ya'ya. Oktofas, dabbar nan mai hannu takwas, tana da wayo ƙwarai, amma 'yan shekaru kaɗan take yi kuma uwar tana mutuwa wajen lokacin ƙyanƙyasa, ba ta koya wa kowa komai.

Na jiƙa taswirata da shayi don ta tsufa, tawadar ta dame.

Rini ake fara yi, zane ya biyo baya. Jiƙa ƙunshin shayi 3 a ruwan zafi mililita 250, bari ya huce, shafa da soso a takarda mai kauri irin ta masu zanen ruwa, ka danne ta tsakanin busassun takardu da littattafai kwana guda. Sannan ka zana da tawada mai ruwan ƙasa, domin tsohuwar tawada can take komawa. In bugawa za ka yi, firintar leza ba ta zuba, mai tawadar ruwa ita ce ta cuce ka. Kada ka ƙona gefuna. Taswirar da aka yi aiki da ita a wurin ninki take lalacewa, saboda haka ka ninka ta gida takwas, ka buɗe, ka maimaita sau goma, ka ɗan goga layukan ninkin da yatsa mai ɗan toka.