Amsa ga ɗan'uwan da ke neman abin da zai nuna wa yaransa a tsakar gida

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kun taso daga Zariya kun zauna a Agege, yara ba su san wata dabba ba sai ɓera da kyankyaso, kana tambaya ko Legas na da halittun da za ka nuna musu ba sai an je gidan zu ba, kuma a wane lokaci. Akwai su da yawa. Na daɗe a garin nan, kuma abin da na fahimta shi ne sai ka ajiye lissafin damina da rani irin na gida kafin ka gane su. A nan ruwa kan kankama daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba, sannan rani ya shigo. Kowace halitta wannan jadawalin take bi.

Fara da ruwan farko, wajen Maris ko Afrilu. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka kunna fitilar waje ka kira yara. Shinge zai cika wurin. Ka gaya musu gara ce mai fiffike, maza da mata da suka bar shuri don kafa sabon gida, shi ya sa da safe za su ga fikafikai zube a ƙasa. Maƙwabtanmu Yarbawa na tara shi a roba su soya, kamar yadda ake yi a ƙauyukanmu. A wannan daren ne za ku ga kwaɗi sun jeru ƙarƙashin fitila suna lashewa, gari na wayewa kuma ƙadangaru su ƙarasa saura. Kukan kwaɗin da ke hana barci a bakin kwata duk na maza ne, mata suke kira. Bayan 'yan kwanaki ka duba ruwan da ya kwanta, za ku tarar da ƙwai a jere cikin zare mai yauƙi, daga baya talibambam.

Ƙadangare kuwa ya isa makaranta guda. Jan gwada, mai jan kai da shuɗin jiki, shi ne namijin da ya mallaki katanga. Gyaɗa kan da yake yi gargaɗi ne ga wani namiji, kuma idan ya tsorata ko gari ya yi sanyi launinsa kan dushe. Macen kan tona rami a ƙasa mai laima ta binne ƙwai, bayan kamar wata biyu sai ka ga 'yan ƙanana suna gudu a gindin bango. Ina roƙonka ka hana yara harbinsu da danƙo, domin tururuwa da ƙwari suke rage mana.

Idan akwai bishiyar kwakwa ko ta manja kusa da ku, ka nemi kabare, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da baƙin kai. Ni dai ban ga abin da ya kai shi daɗin kallo ba. Namiji ne ke yago ganye siri-siri ya saƙa sheƙa mai ƙofa ta ƙasa, sannan ya rataya a jikinta kai ƙasa yana kaɗa fiffike yana surutu. Mace ta zo ta shiga ta duba. In ba ta yi mata ba, da bakinsa zai warware ta ya sake sabuwa. Masu bishiya ba sa son su saboda sukan tsige ganye, amma yaro zai iya zama ya yi shiru a wurin har a kira Magariba.

Da ruwa ya ɗauke wajen Oktoba zuwa Nuwamba sai ka ɗaga kai sama. Shirwa ta iso. A nan take yin rani, ta yi sheƙa a dogayen itatuwa, in damina ta kama ta bi ruwa ta nufi arewa, kamar dai 'yan cin ranin da ke cika kasuwar Mile 12 su koma gida lokacin shuka. Balbela ma takan yi yawa a wannan lokacin, musamman wajen mayankar Oko-Oba da ke kusa da ku. Wasu tsattsewa kuma daga Turai suke zuwa, sanyin can ya koro su, su koma wajen Afrilu. Abin da ba za ku cika gani ba ita ce ungulu, kuma wannan na damuna ƙwarai. Da can ba a raba ta da mayanka. Guba da masu sayar da sassan jikinta don tsibbu sun kusa ƙarar da ita, har a 2015 aka sa ta cikin tsuntsayen da ke dab da ɓacewa.

Lokacin hunturu, duk da na nan bai kai na Zariya ba, ka ajiye kasko da ruwa a inuwa. Kurciya za ta riƙa zuwa sha, wani lokaci har da hankaka. Amma a zubar a sake kullum, don sauro na iya ƙyanƙyashewa ya tashi cikin kamar mako guda. Kada a watsa hatsi ya kwana a ƙasa, ɓeraye zai jawo, ga kuma zazzaɓin Lassa. Da mangwaro ya nuna jemagu za su zo da dare. A kalle su daga nesa, kada yaro ya taɓa wanda ya faɗo ko ya sha mangwaron da suka gatsa. In ana ambaliya a kula da tarin katako da bulo saboda maciji.

Ka saya wa kowane yaro ƙaramin littafi, ku riƙa zama wuri ɗaya bayan sallar Asuba, ya rubuta kwanan wata da abin da ya gani, ko ya zana. In an yi hutu ka kai su Lekki Conservation Centre, dajin da aka keɓe tun 1990, mai faɗin hekta 78. Akwai birai da gadar sama mai tsawon mita 401. Ku fita da sassafe saboda cunkoson hanya, kuma kada yara su riƙe abinci a hannu, biran wurin sukan fizge.