Ɗakin kwanan ɗalibai ko haya a Birnin Kebbi?

Hajiya, kin ce ɗanki ya samu gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, kina tambayar inda ya fi dacewa ya zauna da yadda zai yi da abinci.

A shekarar farko hostel, wato ɗakin kwanan ɗalibai, ya fi. Makarantar tana wajen Kalgo ne, wanda ya kama haya cikin gari kuɗin mota na kullum zai cinye shi. Gadajen ba sa isar kowa, don haka yana gama rajista ya nufi ofishin kula da harkokin ɗalibai. Kada ya sayi gado a hannun wani ɗalibi. In aka gano, gado da kuɗi duk sun tafi.

In haya ta zama dole, a fara duba ruwa. Rijiyar da ke cike da damina tana iya ƙafewa a watan Afrilu, a tambayi maƙwabta, ba dillali ba. Ɗakin kwano marar silin kuwa ba ya kwantuwa da bazara. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Abinci, girki ya fi sayen kwano sauƙi. Ki haɗa masa shinkafa, wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da manja. Waken a zuba shi a jarka da busasshen barkono saboda ƙwari. Kafin ki sayi risho ko tukunyar gas, ya tambayi jami'in hostel wanne ne daga cikinsu aka yarda a yi amfani da shi.