Abin da ke ƙarƙashin /usr ba naka ba ne

Ka ce ka gyara fayil ɗin sabis, wato mai faɗin yadda za a tayar da manhaja, a /usr/lib/systemd/system, ka yi apt upgrade don sabunta manhajoji, da ka duba gyaranka ya ɓace, kana tambaya ko Debian ce ta lalace. Yaro, Debian lafiyarta ƙalau. Kai ne ka yi shuka a gonar wani.

Duk abin da ke ƙarƙashin /usr na dpkg ne, wato mai girka fakitocin manhaja a Debian, ban da /usr/local. Yana da rajistar kowane fayil a /var/lib/dpkg, kuma ranar sabuntawa danne tsohon yake da sabo, ba sallama. /etc kaɗai yake jin kunya: idan ka taɓa fayil ɗin saiti a can, sabon fakiti kuma ya zo da nasa canjin, sai ya tsaya ya tambaye ka. In ka danna N ka riƙe naka, nasa ya ajiye da .dpkg-dist a ƙarshen suna. Y ya sa nasa, naka ya koma .dpkg-old. D ya nuna maka bambancin. Ku yaran yanzu ba ku san D ba, Enter kuke bugawa ku koma kan waya.

Wannan ɓarnar ce ta sa wani mai kamfani ya cinye min kuɗin aiki, har yau in na tuna raina ɓaci yake. An haɗa masa saba da MariaDB, manhajar rumbun bayanai, komai na tafiya. Sai faifai ya fara cika, ya kira wani ɗan uwansa mai araha. Shi kuma ya kwashe bayanan daga /var/lib/mysql ya kai /home. MariaDB ta ƙi tashi, don fayil ɗin sabis ɗinta na ɗauke da ProtectHome=true, wanda ke hana ta ganin /home. Gwanin naka ya buɗe fayil ɗin fakitin kai tsaye ya mayar da shi false. Ta tashi, aka tafa masa.

Da sabuntawa ta zo, layin ya koma true, sabis ya mutu. Maimakon ya karanta journalctl -u mariadb, wanda zai nuna masa inda ta maƙale, sai ya yi apt purge ya sake girkawa. Purge kuwa har saitin /etc yake sharewa, don haka layin datadir, mai nuna mata inda bayanan suke, ya tafi. Sabuwar ta tashi a /var/lib/mysql, fayau, ba komai. Ma'aikata suka ci gaba da zuba sababbin bayanai a ciki, tsofaffin na kwance a /home ba wanda ya taɓa su. Rumbu ya zama biyu, haɗa su kuwa aikin hannu ne, tebur bayan tebur. Mai kamfanin ya rantse ni na goge masa dukiya. Aka buɗe masa /var/log/apt/history.log, ga rana, ga umarnin purge, ga layin Requested-By da sunan asusun ɗan uwansa. Ya ce shi bai iya karanta wannan ba. An haɗa masa bayanan, bai biya ba.

To ga yadda ake yi. Ka buga systemctl edit da sunan sabis ɗin, zai rubuta override.conf a /etc/systemd/system, cikin babban fayil mai sunan sabis ɗin da .d a ƙarshe. Ka sa [Service], sannan layin da kake son canzawa kawai. systemctl cat zai nuna maka na asali da naka tare. Kada ka ce ai a /lib ka gyara: a Debian 12 ta 2023, /lib da /bin da /sbin mahaɗai ne kawai zuwa cikin /usr, fayil ɗaya ne.

Kafin ka taɓa kowane fayil, dpkg -S zai gaya maka fakitin da ya mallake shi. In dole sai ka maye gurbinsa, akwai dpkg-divert. Abin da ka harhaɗa da hannu ya tafi /usr/local, na ɗan kasuwa /opt. Faifai ya cika? Ka tsayar da sabis, ka kwafe bayanan zuwa sabon faifai, ka ɗora shi a kan /var/lib/mysql ta /etc/fstab. Yadda ake wannan kuwa, in sai na koya maka, ka sake sana'a.