Tambayi Malama: Da Na Tsaya Gaban Aji Sai Muryata Ta Kama Rawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Mama. Ni ɗalibar NCE ce, an tura ni koyarwar gwaji wata ƙaramar sakandare. An ba ni aji biyu, darasin kimiyya, yara sun haura tamanin. Wallahi ina shiri, ina rubuta tsarin darasi har dare ya raba. Amma da na tsaya gabansu sai bakina ya bushe, muryata ta kama rawa, Turancin ya gudu. Sai in juya in yi ta kwafa musu rubutu a allo har a kaɗa ƙararrawa. Akwai wani yaro a bayan aji da ke kwaikwayon maganata, sauran na dariya. Ga shi malamin da zai ba ni maki ya kusa zuwa. Mama, ko dai ban dace da aikin nan ba?
'Yarki daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah Ya yi miki albarka. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ta fi taɓa ni. Ba a yanke wa malami hukunci a makonninsa na farko. Kuma wadda ke hana idonta barci saboda yaran da ba ita ta haifa ba, irinta muke nema a aikin nan.

Abin da ke samunki aikin jiki ne. Idan mutum ya tsorata, jikinsa yana sakin wani sinadari da ake kira adirenalin. Shi ke sa zuciya ta yi ta bugawa, yawu ya ƙafe, numfashi ya gajarce. Murya kuwa da iska take tafiya, in iskar ta yi kaɗan dole ta yi rawa. Saboda haka kafin ki shiga, ki tsaya a baranda ki ja numfashi, ki sauke shi a hankali, saukewar ta fi jan tsawo, kamar sau huɗu ko biyar. Ki kurɓi ruwa. Ki karanta addu'ar Annabi Musa (AS) da ke Suratu Ɗaha, aya ta 25 zuwa ta 28, inda ya roƙi Allah Ya buɗa masa ƙirjinsa, Ya sauƙaƙe masa al'amarinsa, Ya warware ƙullin harshensa don a fahimci maganarsa. Ki lura da dalilin roƙon: don a fahimta. Hankalinsa yana kan masu sauraro.

Amma asalin matsalarki na gan ta a cikin wasiƙarki, inda kika ce kina rubutu har dare ya raba. Hannunki ya yi shiri, bakinki bai yi ba. Jimlar da kika rubuta lafiya lau a takarda, ranar da za ta fara fita daga bakinki ita ce ranar da yara tamanin suka zuba miki ido. Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata. Jajoci, matan da Nana Asma'u 'yar Shehu ta horar suna zaga ƙauyuka suna karantar da mata ɗalibai da ake kira 'yan taru, a baki suke ɗauke da karatunsu, cikin waƙoƙin da suka haddace. Ke ma ki mayar da darasinki baki. Bayan la'asar ki tara ƙannenki ko yaran maƙwabta uku ko huɗu a tsakar gida, ki miƙe tsaye, ki koyar da su abu ɗaya na minti biyar da murya sosai. Ki ajiye waya tana ɗaukar muryarki, ki saurara, ki gyara, ki sake. Wannan shi ne gajeren darasin gwajin da ake yi muku a kwaleji, wanda aka faro a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963, kuma amfaninsa duk yana cikin sakewar nan, wadda ɗalibai da yawa ke tsallakewa. Jimloli ukun farko kuwa ki haddace su tsaf, domin a mintunan farko tsoro ya fi ƙarfi. In baki ya san hanyarsa a nan, sauran zai biyo.

Sannan kada ki shiga hannu rabbana. A ce darasinki kan yadda abu ke sauyawa ne daga daskararre zuwa ruwa zuwa tururi. Ki sayi ƙanƙara a leda wajen masu sayarwa a bakin hanya, ki zuba a kwanon silba, ki ɗora kan tebur ba tare da kin ce komai ba. Za ki ji ajin ya lafa da kansa. Ki kira yarinya ɗaya ta taɓa jikin kwanon ta waje, ta nuna wa sauran yatsanta a jiƙe. Sai ki tambaya: kwanon nan ba ya yoyo, to daga ina wannan ruwan ya zo? Wani zai ce ƙanƙarar ce ta yi gumi, wata za ta ce kwanon ya huje. Ki bar su su yi musu kaɗan kafin ki gaya musu cewa a cikin iskar ajin nan akwai tururin ruwa da ido ba ya gani, shi ne ya taɓa sanyin kwano ya koma ruwa. Kin ga idanun yara tamanin ɗin nan sun bar fuskarki sun koma kan kwano, ke ma hankalinki ya bar kanki ya koma kan ko sun gane. Na sha ganin malama mai rawar murya ta manta da rawar gaba ɗaya da zarar an soma irin wannan musun.

Maganar allo, gaskiya zan gaya miki: kin mayar da shi wurin ɓuya, kuma yara sun gane. Duk lokacin da kika ba su baya na minti goma, kin bar wa yaron can na baya ajin. Ki rubuta kan darasi da kalmomi huɗu ko biyar, ki ajiye alli, ki juyo. Kada ki yi magana kina fuskantar allo. Rubutun da za su kwafa ki bar shi zuwa mintuna goman ƙarshe. Ki riƙa takawa tsakanin layuka har bayan aji, ki ci gaba da bayani kina tsaye daf da bencin mai kwaikwayon nan, ba tare da kin kalle shi ba. Kada ki zage shi, kada ki ɗaga bulala, kada ki shiga cacar baki da shi a gaban abokansa, don nan ne filinsa. Ki nemi sunansa, ki ba shi aiki: shi zai riƙe kwano, shi zai goge allo. Yaro irin wannan galibi kulawa yake nema, kuma sau da yawa yana da kaifin kai. In bai daina ba, ki yi masa magana bayan an tashi, a ofishin malamai.

Ki rage sauri. Mai jin tsoro gudu yake yi don ya gama. Nana A'isha (RA) ta ce Manzon Allah (SAW) ba ya zuba magana a jere da sauri, har mai ƙirga zai iya ƙirga kalmominsa, Anas (RA) kuma ya ce yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. In kin yi tambaya, ki jira. Wata masaniyar ilimi a Amurka, Mary Budd Rowe, ta gano cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kamar daƙiƙa ɗaya, amma in suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshin yara sukan yi tsawo, kuma yaran da ba sa magana sukan fara ɗaga hannu. Shirun zai yi miki nauyi da farko. Ki ƙirga a zuci, ki daure.

Turanci kuma, ki yi gajerun jimloli. Kalmomin da ke miki wuyar furtawa ki tambayi wata malama a makarantar tun da safe. In yaro ya tambayi abin da ba ki sani ba, ki ce za ki bincika, gobe kuma ki zo da amsar. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32, kuma darajarsa ba ta ragu ba.

Ranar da mai ba da maki zai zo, kada ki biya wa yara amsoshi tun jiya kamar yadda wasu ke yi. Tsofaffin malamai suna ganewa nan take, kuma kin koya wa yaran ha'inci. Ki gaishe shi, ki miƙa masa tsarin darasinki, ki juya ga yaranki. Ki rubuto min yadda kuka ƙare, ina jira.

TAMBAYA: Malama, zan kare kundin bincikena na digiri, na shirya shafuka 40 a PowerPoint, an ba ni minti 10. Yaya zan yi?
Wani ɗalibi daga Gusau

AMSA: Ɗana, ka zubar da talatin. Goma sun ishe ka: matsalar da ka bincika, yadda ka bincika, abin da ka samu, da shawararka. Rabin lokacin ka ba abin da ka samu, don a nan malamai za su tsare ka da tambaya. Kada ka juya wa jama'a baya kana karanta abin da majigi ya haska, sun iya karatu. Ka gwada da agogo a gaban abokanka, ka tsaya a minti 9. Ka kuma buga shafukan a takarda, kwafi ɗaya ga kowane malami, domin in aka ɗauke wuta ba za a ɗage zaman saboda kai ba.